Zaren majigi, faifai, fasta ko saukewa kyauta: ta ina mai son tsofaffin finafinan barkwancin aure zai fara tari?

Muna zaune a ƙofar gida muna jiran a kawo wuta na kunna wa ƙanin wani abokina *One Week* na Buster Keaton a waya. Fim ne na 1920, kusan minti 20, ba magana ko ɗaya a ciki. Ango da amarya aka ba gudummawar gida a cikin akwatuna, irin wanda mutum zai harhaɗa da kansa yana bin lambobi. Wanda ya nemi amaryar ya sha ƙasa sai ya zagaya ya sauya lambobin. Gida ya fito a karkace, ƙofar da ya kamata ta kai ka ɗaki sai ta jefo ka waje daga bene. A ƙarshe gidan ya maƙale musu a kan layin dogo, jirgi ya taho, suka runtse ido, ya wuce ta layin gefe. Suna cikin ajiyar zuciya wani jirgin ya ɓullo ta ɗaya ɓangaren ya yi rugu-rugu da shi. Yaron nan ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Yaya, in mutum yana so ya mallaki irin waɗannan, ba a waya kawai ba, me zai saya?"

Na yi ta kame-kame a ranar, don hanyoyin huɗu ne, kuma wadda ta fi jan rai ita ce ta fi cin mutum a ƙasa mai zafi irin tamu. Ga abin da ya kamata in faɗa masa.

Me ake bi haka?

Tun kafin sinima ta iya magana ta gano ba abin da ke cika ɗakin kallo kamar rigimar miji da mata. A kamfanin Vitagraph da ke Brooklyn, John Bunny mai ƙaton tumbi da Flora Finch siririya kamar sillen kara sun yi ta fitowa a matsayin ma'aurata har rasuwar Bunny a 1915. A fim ɗinsu na 1912, *A Cure for Pokeritis*, maigida ya rantse ya bar caca, sai ya ƙirƙiro wata ƙungiyar ƙarya don ya sami hujjar fitar dare. Uwargida ta harbo jirginsa, ta sa ɗan'uwanta da abokan karatunsa na coci suka yi shigar 'yan sanda suka kai samame. Alice Guy-Blaché, Bafaranshiyar da ta kafa kamfanin Solax a Amurka, ta yi *A House Divided* a 1913: miji da mata sun zargi juna, lauya ya rubuta musu yarjejeniyar zama gida ɗaya ba magana, sai dai a miƙa wa juna takarda. Duk wanda ya taɓa ganin gaba tsakanin ma'aurata, ana aiken yaro daga wannan ɗaki zuwa wancan, ba ya neman tafinta.

Daga baya abin ya hau gidajen masu hali. Cecil B. DeMille ya yi *Don't Change Your Husband* a 1919 da *Why Change Your Wife?* a 1920, duka da Gloria Swanson. A na farkon, mata ce ta gaji da miji mai cin ɗanyar albasa da ƙazanta, ta rabu da shi, ta auri wanda ya fi shi zama alaƙaƙai. Ernst Lubitsch ya yi *The Marriage Circle* a 1924. A Denmak, Carl Dreyer ya yi *Master of the House* a 1925, inda aka ɗauke matar wani azzalumin miji aka bar shi da tsohuwar da ta yi rainonsa, ta gasa masa aya a hannu.

Ni dai nawa gwanin shi ne *Mighty Like a Moose* na Charley Chase, 1926. Miji mai zaƙo-zaƙon haƙora, mata mai ƙaton hanci. Kowanne ya tara kuɗi a ɓoye ya je aka yi masa gyara. Suna fitowa suka haɗu, ba wanda ya gane wani, suka fara soyayya, kowa gabansa na faɗuwa don yana ganin amanar aure yake ci. Da mijin ya gane, sai ya mayar da haƙoran roba ya shirya dambe tsakaninsa da "kwarton", shi kaɗai, yana shiga bayan ƙofa yana fitowa da fuska biyu.

Sai kuma dalili na biyu, wanda shi ne ke sa masu tari kashe kuɗi: kaɗan ne suka rage. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen finafinai marasa magana kusan 11,000 da Amurka ta yi tsakanin 1912 da 1929, kashi 70 cikin 100 sun ɓace ɗungurungum, kashi 14 kacal suka tsira a ainihin siffarsu. Gobara ta ci wasu, kamar wadda ta tashi a rumbun kamfanin Fox a 1937. Wasu sun ruɓe, wasu kamfanonin da kansu suka zubar. Yawancin finafinan Bunny da Finch babu su. *Kiss Me Again* na Lubitsch, na 1925, shi ma barkwancin aure ne, babu wanda ke da shi.

Ma'aunan da zan bi

Na farko kuɗi, kuma ba farashin da ke kan kaya kawai ba. Kusan komai daga Amurka ko Turai zai zo, saboda haka a haɗa da jigila, da kwastan, da canjin dala, da na'urar da za a kalla da ita. Na biyu ƙarko, amma ƙarko a ɗakin da ke Kano ko Zinder a watan Afrilu, ba a ɗakin da ke Landan ba: zafi, laimar damina, ƙurar hunturu, gara. Na uku sauƙi: in ka so kallo yau da dare, za ka iya? Na huɗu haɗari, wato jabu da lalacewa da gobara. Na biyar, ko za ka ga fim ɗin yadda ya kamata. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, don tsofaffin finafinai da hannu ake juya kyamararsu, gudunsu bai tsaya kan hoto 24 a daƙiƙa ba kamar na masu magana. In aka haska na 1912 da gudun zamani, sai ka ga mutane suna zabure-zabure kamar an watsa musu ruwan zafi, duk dabarar wasan ta tafi. Na ƙarshe, ranar da ka so sayarwa, akwai mai saye?

Saukewa kyauta

A dokar Amurka, haƙƙin mallakar fim na wancan zamani yana ƙarewa bayan shekara 95. Ranar 1 ga Janairun 2025 finafinan 1929 suka zama na kowa, waɗanda suka gabace su kuwa tuni. Saboda haka kusan duk abin da na lissafa a sama halal ne ka sauke. Ana samunsu a Internet Archive, da shafin Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka, da YouTube. Gidan tarihin fim na Eye da ke Amsterdam ya ɗora da yawa daga tarin Jean Desmet, wani mai gidan sinima da ya bar finafinai sama da 900, akasarinsu na kafin yaƙin duniya na farko da lokacinsa. Hukumar fim ta Denmak ita ma tana da shafin da ake kallon tsofaffin finafinan ƙasar kyauta. Abu ɗaya da za a lura: fim ɗin na kowa ne, amma sabon kiɗan da wani ya ɗora masa yana da mai shi.

Kuɗinsa data ne da rumbun ajiya. Sauƙi kuwa ba a magana. Matsalar ita ce inganci: fim guda za ka same shi kala biyar, wani dishi-dishi, wani an yanke kawunan mutane, wani an liƙa masa kiɗan da ba ruwansa da abin da ke faruwa. Rumbun kwamfuta kuma yana mutuwa ba sallama, musamman inda wuta ke rawa, don haka kwafi biyu a wuri biyu. Sayarwa babu.

Duk da haka nan nake cewa kowa ya fara, saboda wani dalili da dillalai ba sa faɗa. Wasu daga cikin finafinan nan suna ɗauke da raini ga baƙar fata. A *Matrimony's Speed Limit* na Alice Guy, na 1913, da *Seven Chances* na Keaton, na 1925, duka labarin mutumin da dole ya yi aure kafin wani lokaci ya cika don ya ci gado, akwai wurin da abin dariyar shi ne matar da ya tunkara ta zamo baƙa. Gara ka gani da idonka kafin ka biya dala.

Faifan DVD da Blu-ray

Nan ne aikin masu gyara yake. Sukan nemo kwafi uku ko huɗu na fim guda daga ƙasashe daban-daban, su ɗauki wuri mafi kyau daga kowanne, su share tabo, su daidaita gudu, su sa makaɗi ya yi masa kiɗan da ya dace. Kamfanin Lobster da ke Faris ya yi wa gajerun finafinan Keaton na 1917 zuwa 1923 wannan aiki, Kino ya fitar da su a Amurka, Eureka a Ingila, duka a 2016. A ciki akwai *One Week* da *My Wife's Relations* na 1922, wanda alƙali mai jin Polanci kawai ya ɗaura wa Keaton aure bisa kuskure. Kamfanin Flicker Alley ya fitar da kundin Laurel da Hardy, 'yan barkwanci biyu da ke fitowa tare, shekara-shekara. Na 1928 ne ke da mazajen da ke sulalewa daga gida, irin su *Their Purple Moment* da *We Faw Down* da *Should Married Men Go Home?*. Criterion na da *Master of the House*. Kino kuma na da kundi biyu na Alice Guy, ɗaya na zamaninta a kamfanin Gaumont na Faransa, ɗaya na Solax.

Farashi: faifai guda galibi dala 20 zuwa 40, kundi ya fi haka. Na Criterion dala 39.95 ne a rubuce, amma ana yi masa ragin rabi a wasu watanni, musamman Yuli da Nuwamba. In kana da mai zuwa daga waje, faifai ba ya da nauyi a jaka.

Tarkon da ke nan shi ne kullen yanki. A tsarin Blu-ray, Afirka da Turai yanki ɗaya ne, wato B, Amurka kuwa A. Faifan Criterion na Amurka a kulle yake, ba zai yi a na'urar B ba. Da yawa daga na Flicker Alley ba su da kulle, amma a duba bayan kwali. Shawarata: in fim ɗin yana da bugun Ingila, ɗauki na Ingila. DVD ba shi da wannan ciwon kai sosai, don yawancin na'urorin da ke kasuwanninmu ba sa tambayar daga ina faifai ya fito. A kuma bambanta faifan da aka buga a masana'anta da wanda aka ƙona bisa oda. Ƙananan kamfanoni sukan yi na biyun, kuma shi ya fi jin zafi da hasken rana.

Ƙarko mai kyau ne in an tsayar da su cikin kwalinsu a inuwa. Gara ba ta cin roba. Daraja kuwa, mafi yawansu raguwa suke yi, sai ɗaiɗaikun da aka daina bugawa.

Zaren majigi

Nan zuciya take, nan kuma asara take.

Waɗanda suka tashi da majigi a filin unguwa sun san abin da nake nufi: ƙarar injin, hasken da ke ratsa ƙura, zaren yana zuba daga wannan faranti zuwa wancan. Abin da masu tari ke saye ba zaren gidan sinima mai faɗin milimita 35 ba ne, ƙananan ne da aka yi don gida. Pathé ya fito da milimita 9.5 a 1922, Kodak ya fito da 16 a 1923, da 8 a 1932, da Super 8, wato ingantaccen 8, a 1965. Kamfanin Blackhawk da ke Davenport a jihar Iowa ya shekara da shekaru yana sayar wa mutane kwafin Laurel da Hardy da Charley Chase da sauran na kamfanin Hal Roach a waɗannan ƙananan zaruruwa, kuma su ne suka fi yawo a gwanjon intanet yau.

Waɗannan kwafin gida ba abin rainawa ba ne. Finafinai da yawa ta nan kaɗai suka tsira. Naɗi na biyu na *The Battle of the Century* na Laurel da Hardy, mai shahararren jifan kek, an ɗauka ya ɓace, sai a 2015 aka ji ya ɓulla cikin tarin zaren 16 na wani mai tari da ya rasu. Labari irin wannan ne ke hana masu tari barci.

Kuɗi: gajeren fim a Super 8 sau da yawa bai fi farashin faifai guda ko biyu ba, na 16 ya fi tsada, mai kyau yakan kai ɗaruruwan dala, ga nauyi a jigila. Sai injin. Elmo, Eiki, Bell & Howell, duk tsofaffi ne, bel ɗinsu ya bushe, ƙwan fitilarsu sai an yi oda, mai gyara kuma sai an tona. Na Amurka wutar 110 yake sha, tamu kuwa 220 zuwa 240, saboda haka ko dai taransifoma ko a nemo na Ingila ko Jamus. A tabbatar yana da maɓallin rage gudu zuwa hoto 18, in ba haka ba Bunny da Finch za su yi ta tsalle.

Babbar matsalar ita ce jikin zaren. Yawancinsu da wata roba da ake kira asitet aka yi su, shi kuwa asitet in ya tsufa sai ya fara sakin tsami, ya ƙanƙance, ya kanannaɗe. Da ya fara ba ya komawa, kuma tsamin da ya saki shi ke ƙara hanzarta ruɓewar, har ya shafi na kusa da shi. Cibiyar binciken adana hoto da ke Rochester a Amurka ta ƙiyasta cewa a ɗaki mai zafin digiri 21 da matsakaiciyar laima, sabon zare zai yi kimanin shekara 40 kafin ciwon ya kama shi, kuma duk ƙaruwar zafi tana rage wa'adin sosai. To zaren da aka buga a shekarun 1960 da 1970 ya riga ya cinye wa'adinsa kafin ya hau jirgi, mu kuma nan bazara tana kai mu digiri 40.

Na gani da idona. Na taɓa sayen naɗi guda na Super 8 a hannun wani dillali a intanet, ya zo lafiya, na haska shi sau biyu a injin aro. Sai na yi abin da nake ganin gata ne: na rufe gwangwanin ruf, na naɗe shi a leda, na sa a akwatin ƙarfe a saman kabad, ƙarƙashin rufin kwano. Bazara ta wuce, damina ta wuce. Ranar da na buɗe, warin ruwan khal ne ya fara dukan hancina tun kafin murfin ya gama ɗagowa. Zaren ya yi lanƙwasa kamar ganda a wuta, na ja kan sai ya ƙi kwanciya, ramukan gefensa sun matse ba sa hawa haƙoran injin. Wataƙila da ciwonsa ya zo, amma ni na ƙarasa shi, don rufewar da na yi ta tsare tsamin a ciki. Firji zai taimaka da wuta na tsayawa. Firjin da ke sanyi yau ya narke gobe raɓa yake tara wa zare. In har za ka saya, tambayi dillali kai tsaye ko akwai wari, ka nemi wanda aka buga a kan robar foliyesta, wanda wannan ciwo ba ya kama shi. Sa'a ɗaya: finafinan nan baƙi da fari ne, ba su da matsalar koɗewar launi.

Sai gargaɗi. Zaren 35 na kafin 1951 kusan duk na wata roba ce da ake kira naitiret. Yana kamawa da wuta cikin sauƙi, in ya kama kuma ruwa ba ya kashe shi, don da kansa yake samar wa wutar iskar da take buƙata. Gidan waya ba ya ɗaukarsa. Akan rubuta nau'in zare a gefensa, a duba. Kodak bai taɓa yin 16 ko 8 da naitiret ba, don haka waɗannan ba sa cikin wannan haɗari.

Fasta, katin zaure da sauran takardu

Wannan ba a kallonsa a allo, amma shi kaɗai ne abin da za ka riƙe ka ce wannan ya ga 1924 da idonsa. Babbar fastar Amurka inci 27 ce da 41. Katin zaure, wanda ake jerawa a mashigar sinima, inci 11 ne da 14, takwas-takwas ake bugawa, na farko ɗauke da sunan fim kuma shi ya fi tsada. Akwai hotunan talla masu inci 8 da 10, da mujallu irin su Photoplay, da katunan taurari na kamfanin Ross da ke birnin Balin na Jamus, waɗanda su ne mafi araha.

Ba don a ajiye aka buga su ba. Daga wannan sinima zuwa waccan suke yawo har su yage, ragowar kuma gangamin tara takarda na lokacin yaƙin duniya na biyu ya lashe da yawa. Shi ya sa suke da kasuwa. Manyan kuɗin dai suna wajen finafinan ban tsoro da na ƙirƙirar kimiyya: fastar *Metropolis* ta kai dala 690,000 a 2005, ta *Dracula* ta kai 525,800 a gwanjon Heritage a 2017. Barkwancin aure bai kai nan ba, kuma alheri ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Katin fim ɗin da ba a san taurarinsa ba yakan tsaya a gomomin dala; da zarar sunan Keaton ko Laurel da Hardy ya hau, sai ɗaruruwa har dubbai. Gidan gwanjon eMoviePoster yana fara kowane kaya daga dala 1, wuri ne mai kyau na koyon farashi ko ba ka saya ba.

Haɗarin shi ne jabu. A 2009 aka bankaɗo wani dillali a Amurka da ya sayar wa gogaggun masu tari katuna da fastocin bogi, har ya sha ɗauri. In an yaudari waɗannan, ina ga ɗan koyo mai duba hoto a waya? Ga 'yan alamu. Fastar Amurka ta wancan zamani a ninke take fitowa daga maɗaba'a, don haka wadda ba ta da layin ninki kuma tana sheƙi abar tuhuma ce, sai in an manna ta a yadi an gyara. Bugun dutse na lokacin, in ka sa gilashin ƙara girma, za ka ga launin kamar yashi, ba ɗigo-ɗigo a jere ba. Takardar zamani tana haske fari fat a ƙarƙashin fitilar gane jabun kuɗi, tsohuwa ba ta yi. Sannan akwai fastar da aka buga lokacin da aka sake fitar da fim bayan shekaru. Ta gaske ce amma darajarta ƙasa take.

Takarda ta fi zare haƙuri da zafi. Maƙiyanta hasken rana, laima, gara da kyankyaso. A kwantar da ita a jakar roba ta adana takardu, nesa da bango da ƙasa, kada salatif ya taɓa ta. Wanda gidansu ba a rataye hoto ba abin da ya rage shi, don kundi ya ma fi bango lafiya.

| Zaɓi | Kuɗin shiga | Ƙarko a zafi | Sauƙin kallo | Babban haɗari | Ranar sayarwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Saukewa kyauta | Data da rumbu | Sai da kwafi biyu | Nan take | Mummunan kwafi, mutuwar rumbu | Babu |
| DVD da Blu-ray | Matsakaici | Mai kyau | Da sauƙi | Kullen yanki | Ƙasa da yadda ka saya |
| Zaren 8 da 16 | Mai yawa, saboda inji | Mai rauni | Da wahala | Ciwon tsami, lalacewar inji | Sai in bai kamu ba |
| Fasta da kati | Daga kaɗan zuwa dubbai | Mai kyau in an killace | Ba a kallo | Jabu, gara | Ya fi sauran, amma kasuwar tana waje |

Wa ya dace da me

Ɗalibi, ko marubucin barkwanci da ke son ganin yadda ake gina dariya ba tare da baki ya furta komai ba: sauke kyauta, ka ajiye kuɗinka. Fara da kwafin da gidajen tarihi suka ɗora da kansu.

Wanda ke son zama da iyali a kalla, hoto tas, kiɗa daidai, yau da gobe da baɗi: faifai. Shi ne kuma hanyar samun waɗanda haƙƙinsu bai ƙare ba, kamar *Sons of the Desert* na 1933, inda Laurel da Hardy suka ce wa matansu sun tafi Honolulu neman lafiya alhali suna Shikago wajen taro, jirgin ruwan da ake zaton suna ciki ya nutse, matan kuma suka gan su a labaran sinima suna ɗaga hannu. Wannan sai 2029 zai zama na kowa.

Wanda ke son abu na asali da zai iya bar wa 'ya'ya, ko ya mayar da kuɗinsa wata rana: takarda, daga gidan gwanjon da ke karɓar kaya in ya zamo jabu. Fara da hoton talla ko katin Ross, ka yi wata shida kana kallon gwanjo kafin ka taya babba. Kada ka sa kuɗin da kake buƙata, don mai sayen yana ƙetare, kuma gidan gwanjo zai cire kasonsa.

Zaren majigi na wanda ke da ɗaki mai sanyi da wutar sola tsayayya ne, mai son kwance inji da ɗaurawa, wanda kuma ya yarda cewa abin da ya saya yana iya mutuwa a hannunsa. Naɗi biyu ko uku na foliyesta sun isa a ji daɗin. Wanda kuwa ya tsinci gwangwanayen 35 a kayan gado ko a tsohon gidan sinima, ya fitar da su daga ɗakin kwana, ya nisanta su da wuta da rana, ya nemi gidan adana finafinai.

Shi kuwa ƙanin abokina, na aika masa da saƙo daga baya: ya fara neman na'urar Blu-ray ta gwanjo 'yar Ingila, in ta samu ya sayi kundin Keaton na Eureka. Ya amsa cewa tukuna, yana kan *Mighty Like a Moose*, ya kalla sau huɗu, har yanzu bai gane yadda mutum ɗaya ya shaƙe wuyan kansa daga bayan ƙofa ba.